KITSEN HANTA DA CIWON ZUCIYA: HAƊARIN DA BA YA SALLAMA

Idan Bahaushe ya so ya kwatanta mutum biyu da suka shaƙu ƙwarai, sai ya ce wane da wane hanta da jini ne. Maganar nan ta mutanen da ce, waɗanda ba su taɓa shiga makarantar likita ba, amma kuwa sun dace da gaskiya. A cikin kowane minti ɗaya, kusan rubu'in jinin da zuciya ta harba, watau wajen lita ɗaya da rabi, ta cikin hanta ya ke ratsawa kafin ya komo gare ta. Sabo da haka duk abin da hanta ta zuba a cikin jini, mai kyau ko maras kyau, zuciya da jijiyoyinta ba su da makawa sai sun karɓe shi.

A manyan asibitocin ƙasar nan a kan sami magidanci, ɗan kasuwa ko ma'aikacin ofis mai shekara 40 da 'yan kai, wanda ya je a ɗauki hoton cikinsa don wani dalili dabam, ko murɗar ciki ko tsakuwar ƙoda. In takarda ta fito sai a ga an rubuta akwai kitse a hantarsa. Mutumin nan bai taɓa kurɓar giya ba, idonsa bai taɓa yin shawara ba, ba ya jin ciwo a ko'ina. Yana jiran a rubuta masa maganin hanta, sai ya ga likita ya ɗaura masa abin awon hawan jini, ya aika shi a gwada sukari, ya kuma tambaye shi ko a cikin danginsa akwai wanda ya taɓa yanke jiki ya faɗi. Sai ya yi mamaki, ya ce a ransa hanta aka ce, me kuma ya kawo zancen zuciya?

Amsar wannan tambaya tana cikin manyan abubuwan da masana ilmin likita suka gano a shekaru 40 da suka wuce. Sun lura cewa mutanen da kitse ya taru a hantarsu, ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ne suka fi zama ajalinsu, nesa da ciwon hantar kansa. An kuwa ƙiyasta a 2023 cewa wajen mutum 3 cikin kowane 10 na manyan mutanen duniya suna da wannan kitse, galibinsu ba su sani ba.

AIKIN HANTA A JIKI

Hanta tana can sama a ɓangaren dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta a jikin babban mutum ya kai wajen kilo ɗaya da rabi. Galibin abin da hanji ya tsotsa daga abinci wurinta ya ke fara isa. Ita ke ajiye sukari ta sake shi sa'ad da jiki ya bukata, ita ke yin ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo, ita ke tace guba da magunguna. Har ila yau ita ce ke yin sinadaran da ke sa jini ya daskare in an ji rauni, kuma ita ke sarrafa kolastarol da sauran maiƙon da ke yawo cikin jini. Waɗannan ayyuka biyu na ƙarshe a riƙe su, domin ta nan ne zancen zuciya zai ɓullo.

Lafiyayyar hanta ba ta ajiye kitse sai ɗan kaɗan. In aka tarar fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyinta suna ɗauke da ɗigon kitse, to likitoci sun ce ciwo ya samu. Hantar da aka sani ja mai duhu sai ta koɗe ta yi rawaya-rawaya, ta ƙara girma, ta yi maiƙo.

Ciwon yana da matakai. A matakin farko kitsen ne kawai a zaune, bai ta da fitina ba, mutane da yawa kuwa a nan su ke tsayawa har ƙarshen rayuwarsu. A wurin wajen mutum ɗaya cikin 4 ko 5, kitsen ya kan jawo kumburi, ƙwayoyin hanta su fara mutuwa. Inda ƙwaya ta mutu sai tabo ya maye gurbinta. Likitoci suna auna wannan tabo daga daraja ta 0 zuwa ta 4, ta 4 ɗin ita ce ƙandarewar hanta, inda ta ke motsewa ta yi tauri, ciki ya tara ruwa, a wasu lokuta har sankara ta biyo baya. Wannan tafiya ta kan ɗauki shekaru masu yawa, kuma hanta ba ta cika yin ƙara ba sai ɓarna ta yi nisa.

YADDA AKA GANE CIWON

A da can, dalilai biyu aka fi sani na kitsen hanta, watau giya da yunwa. A 1933 wata likita 'yar asalin Jamaika mai suna Cicely Williams, tana aiki a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, ta bayyana wani ciwon tamowa na yara wanda ya shahara da sunan kwashiyoko. Cikin alamominsa akwai hanta da ta kumbura da kitse. Watau a Afirka ta Yamma an daɗe da sanin hanta mai kitse, amma a jikin yaron da bai sami abinci mai gina jiki ba.

A ƙasashen Turai da Amurka kuwa, in an ga irin wannan hanta a jikin babba, sai a ɗauka mashayi ne. Ko ya rantse bai taɓa sha ba, a kan yi zaton ɓoyewa ya ke yi. Sai a 1980 wani likita mai suna Jurgen Ludwig da abokan aikinsa na asibitin Mayo da ke Jihar Minesota a Amurka suka buga bayanin marasa lafiya 20 waɗanda hantarsu ta yi kama da ta mashaya, alhali ba sa sha. Yawancinsu mata ne masu ƙiba, da dama kuma suna da ciwon sukari. Daga nan aka sa wa ciwon suna mai ma'anar kitsen hanta wanda ba na giya ba.

Sunan ya zauna fiye da shekara 40, amma yana da aibi, domin ya faɗi abin da bai kawo ciwon ba, bai faɗi abin da ya kawo shi ba. A watan Yuni na 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka da Turai da Latin Amurka suka sanar da sabon suna, wanda su ke taƙaitawa da haruffan MASLD, ma'anarsa kitsen hanta mai alaƙa da rikicewar yadda jiki ke sarrafa abinci. Suka kuma ce ba za a kira shi da wannan suna ba sai an sami mutum da aƙalla ɗaya daga cikin abubuwa 5: ƙiba ko faɗin ƙugu, hauhawar sukari, hawan jini, yawan maiƙon jini, ko ƙarancin kolastarol mai amfani. Duk wanda ya dubi waɗannan 5 zai ga su ne dai abubuwan da likitan zuciya ya ke dubawa kullum.

DAGA INA KITSEN YA KE ZUWA?

Mutane da yawa suna zaton cin nama mai kitse da man shanu ne kaɗai ke kawo wannan ciwo. Manoman Faransa sun san ba haka ba ne. A can akwai wani abinci mai tsada da a ke yi da hantar agwagwa ko ta dinya mai kitse, kuma hanyar samunta ita ce a yi wa tsuntsun ɗurar masara na 'yan makonni, har hantarsa ta ninka girmanta sau da yawa. Hatsi ne zalla, amma da ya yi wa jiki yawa sai hanta ta mai da shi kitse. Haka abin ya ke a jikin ɗan Adam in tuwo da shinkafa da burodi da sukari suka wuce abin da aikinsa ke ƙonawa.

Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya bi sawun kitsen da ke cikin hantar masu wannan ciwo. Aka tarar wajen kashi 59 cikin 100 ya gangaro ne daga kitsen da ke jibge a sauran jiki, kashi 26 hanta ce ta ƙera shi da kanta daga sukari da dangoginsa, kashi 15 kaɗai ya zo kai tsaye daga maiƙon abinci.

Tushen rikicin yana wurin wani sinadari da a ke kira insulin. Aikinsa shi ne ya umarci tsoka ta karɓi sukari daga jini, ya kuma umarci rumbun kitse ya rufe bakinsa bayan an ci abinci. In mutum ya tara kitse, musamman na cikin tumbi wanda ke kewaye da hanji, kuma ba ya motsa jiki, sai gaɓoɓinsa su daina jin kiran insulin sosai. Rumbun kitse ya zauna a buɗe yana ta tsiyaya cikin jini, kitsen tumbi kuwa jijiyarsa kai tsaye hanta ta nufa. Jiki ya ƙara yawan insulin don a ji kiransa, yawan insulin ɗin kuma ya ƙara tunzura hanta ta ƙera sabon kitse. Bugu da ƙari, rabin sukarin da a ke zubawa a shayi da lemon kwalba wani nau'i ne da a ke kira furuktos, wanda galibin aikin sarrafa shi a kan hanta ya ke faɗawa.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

A 2015 wani likita mai suna Paul Angulo da abokan aikinsa suka buga sakamakon bin diddigin mutum 619 masu kitsen hanta daga Amurka da Turai da Tailan, waɗanda aka bi fiye da shekara 12. Cikin waɗanda suka rasu, wajen kashi 38 cikin 100 ciwon zuciya da jijiyoyin jini ne sanadinsu, kusan kashi 19 sankarar da ba ta hanta ba, ƙandarewar hanta kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Sun kuma gano cewa abin da ya fi nuna wanda ke cikin haɗari shi ne yawan tabon da ke hantarsa. A wannan shekara wani bincike na ƙasar Suwidin, wanda ya bi wasu marasa lafiya har shekara 33, ya zo da irin wannan magana game da tabo.

A 2016 Farfesa Giovanni Targher na Jami'ar Berona a Italiya da abokansa suka tattara bincike 16 da suka ƙunshi mutum fiye da 34,000. Lissafinsu ya nuna masu kitsen hanta sun fi waɗanda ba su da shi yiwuwar gamuwa da toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki da wajen kashi 64 cikin 100. A 2021 suka sake lissafin da bincike 36 masu ɗauke da mutum kusan miliyan 5.8, ƙarin haɗarin ya tsaya a wajen kashi 45 cikin 100, ya kuma fi haka nesa ga waɗanda tabonsu ya yi yawa.

Don a gane nauyin wannan magana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 17.9 ne ciwon zuciya da jijiyoyin jini ya kashe, watau kusan kashi ɗaya cikin 3 na dukan mace-macen duniya a shekarar. Fiye da kashi 3 cikin 4 na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suka auku.

HANYAR DA ƁARNAR KE BI

Zuciya tsoka ce, ita ma tana da ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ita jini. In maiƙo ya riƙa shiga bangon waɗannan jijiyoyi yana taruwa, hanya ta kan ƙuntata sannu a hankali, kamar yadda bututun famfo ke cushewa. Ran da wannan tari ya fashe, sai gudan jini ya daskare a wurin ya toshe hanya gaba ɗaya. In a zuciya abin ya auku, shi ne a ke kira bugun zuciya. In a ƙwaƙwalwa ne, sai a sami shanyewar ɓarin jiki. Hanta mai kitse tana da hannu a kusan kowane mataki na wannan al'amari.

Da farko, hantar da kitse ya cika ta kan yi ƙoƙarin sauke kayanta, sai ta riƙa ɗaure maiƙon tana turawa cikin jini fiye da kima. Sakamakon haka maiƙon jini ya hau, kolastarol mai amfani wanda ke share jijiya ya ragu, mai cutarwa kuma ya koma ƙanana-ƙanana masu saurin kutsawa cikin bangon jijiya.

Na biyu, hantar da ta daina jin kiran insulin ba ta tsayar da sakin sukari ko da jini ya ƙoshi da shi. An lissafta cewa masu kitsen hanta sun ninka sauran mutane wajen sau 2 a yiwuwar kamuwa da ciwon sukari, fiye da rabin masu ciwon sukari na manya kuma suna da kitsen hanta. Ciwon sukari kuwa sanannen mai lalata jijiyoyin jini ne.

Na uku, hanta mai kumburi tana zuba sinadaran kumburi cikin jini, waɗanda ke sa bangon jijiya ya yi rauni, tarin maiƙon da ke cikinsa ya yi saurin fashewa. Tana kuma ƙara yawan sinadaran daskarar da jini da masu hana gudan jini narkewa. Ban da wannan, an lura masu wannan ciwo sun fi samun kitse kewaye da zuciyar kanta, da taurin tsokarta, da rikicewar harbawarta, da gazawarta wajen tura jini, wadda ke kawo haki da kumburin ƙafa.

INDA MASANA SUKA SAƁA

Duk da haka akwai muhawara a tsakanin masana, kuma ya kamata a faɗe ta. Wasu suna ganin hanta mai kitse ita da kanta tana ƙara wa zuciya ciwo. Wasu kuwa suna ganin ita da ciwon zuciya 'ya'yan uwa ɗaya ne, watau ƙiba da sukari da hawan jini ne suka haife su duka biyu. Masu wannan ra'ayi sun sami hujja a 2019, sa'ad da wata mujallar likitoci ta Ingila ta buga binciken da aka yi cikin takardun asibiti na mutum wajen miliyan 18 a Birtaniya da Italiya da Holan da Sifen. Da aka cire tasirin shekaru da taba da sukari da hawan jini da kolastarol, sai ƙarin haɗarin da ya rage wa kitsen hanta ya zama ɗan kaɗan ƙwarai.

Ilmin gado ya ƙara haske a kan wannan. A 2008 masu bincike a birnin Dalas na Amurka suka gano wani canji a ƙwayar gado da a ke kira PNPLA3, wanda ke sa mai shi ya tara kitse a hanta ko da ba shi da ƙiba. A 2014 aka gano wani kuma, TM6SF2, wanda ke hana hanta fitar da maiƙo zuwa jini. Masu wannan na biyu hantarsu ta fi cutuwa, amma maiƙon jininsu ya fi ƙasa, ciwon zuciya kuma ya fi ƙaranci a cikinsu. Wannan ya nuna cewa abin da hanta ta tura cikin jini shi ne ya fi damun zuciya, fiye da abin da ta riƙe a cikinta.

Ko wanne ra'ayi aka bi, wuri ɗaya a ke sauka wajen aiki. A 2022 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fid da sanarwa tana jan hankalin likitoci cewa kitsen hanta ciwo ne mai yawa wanda a ke yawan rashin ganewa, kuma yana tafe da ƙarin haɗarin ciwon zuciya. Ruwa dai ba ya tsami banza. Duk wanda aka ga kitse a hantarsa, wajibi ne a duba masa sauran abokan tafiyar.

HALIN DA A KE CIKI A ƘASAR NAN

Wani babban lissafi na 2016 ya nuna Gabas ta Tsakiya da Kudancin Amurka ne suka fi yawan masu kitsen hanta, sama da kashi 30 cikin 100, Afirka kuwa ita ce ta ƙasa da wajen kashi 13 da rabi, ko da ya ke binciken da aka samu daga Afirka kaɗan ne. A Dalas ma, a 2004, an auna hantar mutum fiye da 2,000, aka sami kitse a kashi 45 cikin 100 na 'yan asalin Latin Amurka, kashi 33 na fararen fata, kashi 24 na baƙaƙen fata.

Amma wannan bai zama dalilin sakin jiki ba. Baƙar fata ya fi saurin kamuwa da hawan jini, nazarce-nazarce kuma sun nuna wajen kashi 30 cikin 100 na manyan Nijeriya suna da shi, da yawa ba su sani ba. Zaman birni ya kuma sauya abinci da aiki. Mutumin da kakansa ke tafiya gona da ƙafa ya wuni yana noma, shi a kan babur ko a mota ya ke zuwa shago ya wuni a zaune. Gero da dawa da wake sun ja baya, farar shinkafa da taliya da burodi da soye-soye sun shigo gaba. Kwalbar lemo ɗaya ta kan ɗauki sukarin da ya kai cokalin shayi 8 ko 9, zoɓo da kunun aya na sayarwa su ma a kan cika musu sukari. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuna a dokar kuɗi ta 2021. Ga kuma al'adar da ke ɗaukar tumbi alamar hutu da wadata, har in mutum ya rage jiki a riƙa tambayarsa ko lafiya.

Akwai kuma wani nauyi da hantar mutumin ƙasar nan ke ɗauke da shi tun da fari. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu suna ɗauke da wata guba mai jawo sankarar hanta. In kitse ya sauka a kan hantar da ke fama da waɗannan, ko da giya, ɓarnar ta kan yi sauri. Allurar rigakafin nau'in B tana cikin allurar yara ta ƙasar nan tun 2004, babban da bai samu ba kuwa yana iya gwaji ya karɓa.

YADDA A KE GANO SHI

Gwajin farko ba ya bukatar asibiti. Tef ɗin tela ya isa. Namijin da ƙugunsa, in an auna ta wajen cibiya, ya wuce santimita 94, watau inci 37, ko macen da nata ya wuce santimita 80, watau wajen inci 31 da rabi, ya shiga sahun waɗanda ya kamata a bincika. Haka kuma duk mai ciwon sukari, da wanda awon jininsa ya kai 130 bisa 85 ko fiye. Amma a sani siriri ma yana iya samunsa, yara masu ƙiba ma haka.

Hoton ciki yana nuna kitsen in ya yi yawa. Gwajin jini na hanta yana taimakawa, sai dai ya kan fito lafiya lau alhali ciwo yana nan. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sanin ko akwai tabo. Don haka likitoci suna da wani lissafi mai sauƙi da a ke kira FIB-4, wanda ke haɗa shekarun mutum da sakamakon gwajin jini guda 3 da kowane babban asibiti ke yi. In ya fito ƙasa da 1.3, da wuya a sami tabo mai nisa. In ya wuce haka, sai a tura mutum wurin na'urar da ke auna taurin hanta, ko wurin ƙwararren likitan hanta.

MAGANI

Abin farin ciki shi ne hanta tana cikin gaɓoɓin da ke iya gyara kansu in an sauke musu kaya. A 2015 likitoci a ƙasar Kuba suka bi mutum 293 masu kumburin hanta na kitse har shekara ɗaya suna rage abinci da motsa jiki. Cikin waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu ko fiye, 9 cikin 10 kumburin ya kau, kusan rabinsu kuma tabon ya ja baya. Ko rage kashi 5 ma yana rage kitsen. Watau mai nauyin kilo 90 in ya sauke kilo 5 ya fara ganin amfani, in ya sauke 9 ya yi babban aiki. Wannan ragi kuma shi ne ke sauke hawan jini da sukari da maiƙon jini a lokaci guda.

Hanyar ba baƙuwa ba ce. A bar lemon kwalba, a rage sukarin shayi da na fura, a rage girman malmala. A koma ga gero da dawa da acca da wake, da zogale da rama da alayyahu da kuɓewa, da kifi da gyaɗa mai kyau. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, watau ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, watau tafiya da sauri ta rabin sa'a kwana 5. Motsa jiki yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai nuna ragi ba. Taba da giya kuwa sai a bar su gaba ɗaya.

Wanda likita ya sa wa maganin hawan jini ko na sukari ya riƙe shi da gaske. Magungunan rage kolastarol da a ke kira sitatin, waɗanda a da a ke tsoron ba masu ciwon hanta, bincike ya tabbatar ba su da laifi ga mai kitsen hanta, suna kuma kare zuciya. A watan Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Rezdiffra, maganin farko da aka yi musamman don kumburin hanta na kitse mai tabo. A watan Agusta na 2025 ta amince da allurar Wegovy don wannan ciwo, allurar da wani gwaji na mutum fiye da 17,000 ya nuna a 2023 cewa tana rage bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin 100 a wurin masu ƙiba da ciwon zuciya. Sai dai magungunan nan suna da tsada ƙwarai, kuma ba a shan su sai da umarnin likita. Jiƙe-jiƙe da garin da a ke tallarsu a tasha da kasuwa da sunan wankin hanta, a yi nesa da su, domin duk abin da aka haɗiya hanta ce za ta yi fama da shi, wasunsu kuwa sun sha jawo mata mummunan rauni.

Magidancin nan da aka ce akwai kitse a hantarsa, bai kamata hantar cikinsa ta kaɗa ba, bai kuma kamata ya ninke takardar ya jefa a aljihu ya manta ba. Abin da ya dace ya tambayi likita abubuwa 4: nawa ne awon jininsa, nawa ne sukarinsa, yaya maiƙon jininsa, kuma ko akwai alamar tabo a hantar. In kuwa wata rana ya ji nauyi ya danne masa ƙirji yana sauka zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da gumi da haki, ko iyalinsa suka ga bakinsa ya karkace magana ta sarƙe, to a garzaya da shi asibiti nan take, kada a tsaya shafe-shafe a gida. Takardar hoton cikin nan ta zo masa da gargaɗi tun da sauran shekaru a gaba, ice kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.